Lambun Makaranta a Kaka da Hunturu: A Yanka Fangali Ko A Cika Buhu?

Tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 ake kiran kowace makaranta ta yi gona, amma har yau in an ce gonar makaranta, tunanin yawancinmu bai wuce masara da gyaɗar damina ba. Ita kuwa damina takan kankama ne daidai lokacin dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Yara su yi shuka su tafi, su dawo su tarar ciyawa ta cinye, ko maigadi ya nome abinsa ya kusa girbewa. Watannin da ɗalibi ke zaune a makaranta, yana iya bin shuka tun tana ƙwaya har ta shiga tukunya, su ne na kaka da hunturu, daga Oktoba zuwa Fabrairu. Su ne kuma watannin da latas da karas da kabeji da albasa suka fi so. A Kano, sanyin daren Disamba da Janairu kan sauko wajen digiri 13, ciyawa ba ta da ƙarfi, cututtukan ganye masu bin laima sun lafa. Manoman Kadawa da Kura, da na Galmi a Nijar, a wannan lokaci ne suke ɗaura ɗamarar aikinsu na gaske.

Malamin aikin gona ko hedimastan da ya ƙudurta yin lambu zai tarar da hanyoyi biyu a gabansa. Ta farko ita ce wadda masu lambu suka gada: a kafce ƙasa, a yanka ta fangali-fangali, a ɗan zurfafa cikin kowane a ɗaga masa baki don ya riƙe ruwa. Ta biyu ita ce noman buhu da ya yi tashe a 'yan shekarun nan: a cika tsohon buhun shinkafa ko na takin zamani da ƙasa da taki, a jera, a yi shuka a ciki. Kowacce tana da inda take yin zarra. Ni dai a ganina ba iri ne ke raba gardamar ba, ba kuma kuɗin farawa ba. Abu biyu ne: jarka nawa ta ruwa makarantar ke iya samu kullum, da wanda zai riƙe lambun a ranakun da babu yara.

A fara da ruwa, a kuma yi lissafinsa a allo tare da yaran kafin kowa ya taɓa fartanya. A hunturu, kayan lambu na bukatar kamar lita biyar a kowace murabba'in mita a rana. Jigawa ta fi haka sha, ƙasa mai laka ba ta kai ba. Fangalin da ya dace da yara shi ne mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku, don yaro ya miƙa hannu ya kai tsakiya ta kowane gefe ba tare da ya taka shuka ba. Lita 15 ke nan. Fangali goma lita 150, wato jarka shida mai cin lita 25, kullum ta Allah, har da Asabar da Lahadi. In makaranta na da tuƙa-tuƙa mai aiki, jarka shida ba komai ba ce ga aji mai yara arba'in ko hamsin. In kuwa wajen 'yan garuwa za a riƙa saye, ba mamaki kuɗin ruwan wata uku ya zarce kuɗin duk latas ɗin da za a cire.

Masu tallar noman buhu kan ce ba ya cin ruwa. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, don ruwan da aka zuba a buhu gindin shuka yake tafiya, ba ya malala a hanya. Buhu ɗaya mai ganye kan wadatu da lita biyu zuwa uku a rana. To amma a auna bakin buhun: da kyar ya wuce santimita 40. Buhu arba'in, kowane yaro da nasa, za su sha lita 80 zuwa 120, kusan abin da fangali bakwai ke sha, alhali filin shukar da ke bakinsu gaba ɗaya bai cika na fangali biyu ba. Sai an huhhuda jikin buhun an dasa ganye a gefe-gefe sannan lissafin ke ɗan gyaruwa. Ga kuma iska. Buhu a tsaye yake, saƙarsa na numfashi, busasshiyar iskar hunturu na zuƙe masa laima ta ko'ina. Shi fangali a kwance yake cikin ƙasa, iska ta bi ta kansa ta wuce.

Ranar Litinin da safe ake ganin bambancin. Fangalin da aka ƙosar da ruwa ranar Juma'a kafin a tashi, aka rufe ƙasarsa da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, za a same shi ya ɗan yi yaushi, da an zuba masa ruwa ya miƙe kafin a fita tara. Latas ɗin buhu kuwa, in tsakiyar Janairu ne, sai a tarar ya kwanta a bakin buhun, gefen ganyen ya ƙone, ƙasar ta janye daga jikin buhu har ruwan da aka zuba ya zurare ta gefe bai jiƙa tsakiya ba. Don haka duk makarantar da ta zaɓi buhu, sai ta san wanda zai yi ban-ruwan ƙarshen mako tun kafin ta cika na farko. Inda Islamiyya ke amfani da azuzuwan, an huta: su Alhamis da Juma'a suke hutu, Asabar da Lahadi suna nan. Magana ce kawai tsakanin malamai biyu, a ba ɗalibansu nasu kason.

Akwai dabaru biyu da ke rage wahalar ruwa, kuma duka sun fi zama daidai da fangali. Ɗaya ita ce a binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi a rufe bakinsa da fasasshen kasko. Ruwan na tsattsafowa ta jikinsa a hankali, saiwoyi su kewaye shi, ya yi kwanaki kafin a ƙara. Ɗayar kuma ruwan alwala. A makarantar da ake sallar Azahar, ruwan da ke zuba a wurin alwala kullum ba kaɗan ba ne, kuma babu sabulu a ciki. A yi masa 'yar kwata zuwa rami ko rabin duro a bakin lambu. A gindin shuka za a riƙa zuba shi, ba a kan ganyen da za a ci ɗanye ba. Ruwan kwatar unguwa dai kada ya kusanci lambun yara ko da wasa, haka nan kada a tura yaro jan ruwa a buɗaɗɗiyar rijiya.

Inda buhu ke rama duk wannan shi ne wajen ƙasa. Filin makaranta ba gona ba ne. Ƙafafun yara sun shekara da shekaru suna daɓe shi, wani wurin marmara ce, wani ɓaraguzan tsohon gini ne a ƙarƙashi. Makarantun kuɗi da yawa a birane ma a gidan haya suke, tsakar gidan duk siminti. Gwajin ba shi da wuya: a haƙa rami zurfin kamu ɗaya a cika shi da ruwa. In diga na tsalle tana fid da wuta, ko ruwan ya wuni bai tsotse ba, a haƙura da fangali. A buhu kai ke haɗa ƙasarka: kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, in ƙasar mai danƙo ce a ƙara yashi kaɗan. Takin shanu ko na awaki da ya kwana biyu ya yi baƙi ya daina wari, shi ake nema. Ɗanyen kashin kaji ƙone dashe yake yi. Takin bola kuma, ko kyauta aka kawo, cike yake da kwalba da tsohon batir da allura, ba abin da za a sa hannun yaro a ciki ba ne.

Shinge kuwa babu hanyar da ta tsira daga gare shi. Da damina awaki a turke suke, ana gama kawar da amfanin gona a sake su, kuma a duk unguwar babu ɗanyen ganye sai naku. Sa'ar da aka yi, lokacin ne kara ke da yawa. Kowane yaro ya kawo 'yan karare daga gida, a kafa danga, a kaurara ta ta arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa. In da hali, a yi lambun a kudancin ginin azuzuwa. A watannin nan rana ta karkata kudu, don haka ginin zai tare iska ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba. Buhuna sun ɗan fi sauƙin karewa, tun da ana iya tattara su a lungun da ke da ƙofa, kuma matse su wuri ɗaya na rage musu bushewa. A ɗora su kan duwatsu saboda gara. Ƙadangaru da kaji su ne ɓarayin ƙananan tsiro a duka hanyoyin biyu, tsohon gidan sauro da aka daina amfani da shi ya isa ya rufe wurin renon iri.

Babban abin da ke kashe lambun makaranta shi ne hutun ƙarshen zangon farko. Ana tashi wajen tsakiyar Disamba, a dawo farkon Janairu, mako biyu ko uku a tsakiyar sanyi da bushewa. A nan ne ake cewa ai buhu ya fi, kowane yaro ya ɗauki nasa ya kai gida. Wanda ya faɗi haka bai taɓa gwada ɗaga cikakken buhun jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Ya fi buhun siminti nauyi, kuma bayan wata biyu a rana, ana ɗagawa gindinsa ke ɓarkewa. In ana son abin da yaro zai kai gida, sai dai a naɗe buhun a cika rabi, ko a yi amfani da tsohuwar jarka da aka yanke, ko fasasshen bokiti. Ban da mazubin maganin ƙwari ko na feshin ciyawa, komai wankinsa. Ko an yi hakan ma, a sa a rai ba duka za su dawo ba. Akuyar gida na nan, ƙanne na nan. Amma waɗanda suka dawo sukan dawo da riba: uwa ta ga latas ya yi a tsakar gidanta, ta aiko a tambayi Malam inda ake sayen irin.

Fangali ba ya tafiya ko'ina, sai an samo masa mai riƙo. A makarantar kwana da malamai ke zaune a ciki, wannan ba matsala ba ce. A ta jeka-ka-dawo, mutumin shi ne maigadi, kuma roƙo kaɗai ba ya riƙe shi mako uku. Tun ranar da ake yanka fangali a ce, "Baba, waɗannan biyun naka ne, ka shuka abin da kake so." Wanda ke zuwa ba nasa ruwa ba zai tsallake na yara ba. A haɗa shi da yara uku ko huɗu na kusa da makaranta, da sanin iyayensu da na kwamitin makaranta. In babu maigadi, babu malamin da ke kusa, to kada a shuka abin da zai ratsa hutu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da za a shuka, don kowane iri da tsawon kwanakinsa. Na gajeren zango su ne ke ƙarewa kafin jarrabawa. Lansir ne sarkinsu a lambun yara: a yafa shi, cikin kwana biyu ko uku ya tsiro, mako biyu zuwa uku a yanka, kuma sanyi yake so. Ya yi a fangali, ya yi a rabin jarka, kuma in aka kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli da albasa aji guda zai ɗanɗana. Alayyaho zafi yake so, don haka a shuka shi a Oktoba tun ƙasa na da ɗumi, a cire a Nuwamba. Wanda aka shuka a tsakiyar sanyi tsugunawa yake yi, ya yi saurin fid da kai. Latas na bukatar mako uku zuwa huɗu a wurin reno, sannan wata ɗaya zuwa mako shida bayan dashe. In an yafa irin a tsakiyar Oktoba, za a ci shi daf da hutu. In aka makara da mako biyu, maigadi zai ci.

Masu ratsa hutu kuwa kowane da halinsa. Karas ba a dasa shi, a inda zai zauna ake shuka shi, yakan yi kwana goma ko fiye kafin ya leƙo, kuma a duk kwanakin nan saman ƙasar bai kamata ya bushe ba. Wata uku yake yi. Abin mamaki, shi ne ya fi jin daɗin buhu, don ƙasar buhu sakakkiya ce mai zurfi, sai ya fito a miƙe. A taurin ƙasa ko ɗanyen taki, ƙafa biyu ko uku yake yi. Kabeji guda ɗaya buhu ke ɗauka, fangali kuwa goma sha biyu, a layi biyu. Albasa ta fangali ce ba tantama: in an bar santimita 10 tsakanin tushe da tushe, 15 tsakanin layi da layi, fangali ɗaya zai ɗauki ɗari biyu, abin da sai an jera buhu fiye da ashirin. Sai dai doguwar tafiya ce, mako shida zuwa takwas a reno, wata uku zuwa huɗu bayan dashe, sai Maris ko Afrilu. Mai gaggawa ya ci lawashinta.

Tumatir shi kowa ke fara ambata, kuma shi nake ba da shawarar a taƙaita. Wanda aka dasa a Nuwamba zai nuna a ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, daidai lokacin da kasuwa ta cika da shi farashi ya faɗi, don haka ba zai kawo wa lambu kuɗi ba. Ga sharon, tsutsar nan da ta yi wa gonakin Kano da Kaduna da Katsina kaca-kaca a 2016, kuma har yanzu tana dawowa. Manomi na yaƙarta da feshi, yaro kuwa bai kamata ya taɓa maganin feshi ba. Buhu biyar ko shida na tumatir, kowane da tushe ɗaya da sandar da aka ɗaure shi, sun isa yara su ga fure ya zama ɗa. Darɓa da tsutsar kabeji kuma, idon yara arba'in ya fi kowane magani: a juya ganye kowace safiya a tsince, a fesa ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa ya kwana, da ɗan sabulu.

Ta fuskar koyarwa, ba abu ɗaya hanyoyin biyu ke koyarwa ba. Fangali noma ne na gaske. Yaro zai ja igiya, ya auna tazara, ya daidaita ƙasa don ruwa ya kai kowane lungu, ya koyi dashe da yamma, ya ga abin da ya sa ake rage karas in ya cunkushe. Duk lissafin faɗi da tsawo da lita da ke cikin littafi yana nan a ƙasa. Illarsa ita ce aikin taro: a rukunin yara shida, biyu ke yi, huɗu na jifan ƙadangare. Buhu ba ya ɓoye malalaci, don sunan kowa na rubuce a jikin nasa. Ya kuma fi sauƙin gwaji: buhu biyu, iri ɗaya, rana ɗaya, wannan da taki wancan babu, ko wannan an rufe ƙasarsa wancan a buɗe, yara su riƙa aunawa da rula suna rubutawa. Ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, waɗanda fartanya ta fi ƙarfinsu, rabin jarka da lansir ya wadatar. Daga aji huɗu zuwa ƙaramar sakandare, a ba su ƙasa.

Wani abu da ba zan bari ya wuce ba: kada a mai da lambu wurin horo. Da yawa cikinmu mun tsani fartanya ne saboda ita ake miƙa wa wanda ya makara. Kuma kada a sa ban-ruwa da sassafe cikin jaura, yara na fama da faso da kaushi. Lokacin tara ko daf da tashi ya fi.

Kuɗin farawa bai bambanta sosai ba. Fangali na son diga, fartanya, manjagara da butar ban-ruwa, waɗanda akasari aro za a yi wajen iyaye, gwangwanin da aka huhhuda kuma na iya maye buta. Buhu na son buhunan, da baro ko amalanken da zai kawo ƙasa, kuma ƙasar buhu arba'in ba 'yar kaɗan ba ce. Bambancin sai shekara ta zagayo. Rana na cinye buhu, kafin damina ya zama yayin leda a filin makaranta, a sake nemo wasu. Fangali kuwa duk takin da aka zuba masa bana yana nan, baɗi ya fi laushi.

Saboda haka, makarantar da ke da tuƙa-tuƙa ko famfo, da ƙasar da fartanya ke shiga, da mutum ɗaya tsayayye a lokacin hutu, ta yanka fangali. Shida sun isa a shekarar farko, ko da ruwan zai ɗauki goma. Ta ƙara da 'yan buhuna na karas da tumatir da gwaji. Wadda ke kan siminti ko marmara, ko take sayen ruwa, ta tsaya a buhu da jarka, ta shuka lansir da latas da alayyaho kawai, ta cinye kafin hutu, ta sake sabon zubi a makon farko na Janairu. A zubi na biyun lansir ne kan gaba, alayyaho ya biyo baya in sanyi ya fara sassautawa. Latas ɗin da ya kai Maris ɗaci yake yi, ya miƙe ya yi fure.

A kuma duba kalandar azumi kafin a yafa albasa ko kabeji. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, kuma jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu a watan. Tun da kowace shekara yana matsowa da kamar kwana 11, shekarun nan a cikin Fabrairu da Janairu zai riƙa faɗowa. Ko ba a rufe ba, yaro mai azumi ba zai ɗauki jarka da rana ba, sai a mai da ban-ruwa hannun ƙananan da ba su fara ba, da ƙananan gwangwanaye.

Rabon amfanin ma a yanke shi tun kafin shuka, a rubuta a manna a bango: kaso na yaran da suka yi aikin, kaso na maigadi, kaso na sayarwa. Malamai su saya da kuɗinsu kamar kowa. Kuɗin ya shiga littafin da ɗalibi ke riƙewa, malami na sa hannu, a fara cire na irin baɗi a saya a shagon da aka sani, a duba ranar da ke jikin fakitin, don irin albasa da na karas ba sa jure ajiya.